Allona Ya Ce "Gidan Baki"

Inna Tabawa, don Allah ki taimake ni da shawara, abin dariya ne amma ya tsaya mini a rai.

Na buɗe ɗan gidan abinci a Agadas, bakin hanyar Damagaram, na sa masa suna Gidan Baƙi. Ƙanwata Habsa, da ke aiki a gidan buga takardu, ita ta yi mini allon suna kado, wato kyauta. Ƙofar ba ta da faɗi, sai ta zaɓo wasu haruffa dogaye matsattsu, gefe ɗaya kauri, ɗayan siriri kamar zare, kowanne da 'yan ƙafafunsa. Wallahi ranar da aka kafa shi sai da na tsallaka hanya na tsaya ina kallo kamar ba nawa ba.

Ashe irin haruffan nan ba su da ƙ mai ƙugiya, ba wanda ya lura. Allon dai "Gidan Baki" ya ce! Masu kamiyo, direbobin manyan motoci, suka ɗauka, har garin Adarbisanat an san sunan. Da dariya suke shigowa, wai sun kawo bakinsu gidansa. Tukunyar da nake kwana da saura, yanzu kafin la'asar an kankare ta.

To maigidana Illiya bai ji daɗi ba, ya ce za a ɗauke ni mai tsegumi. Habsa kuma kunya ta hana ta zuwa, ta aiko za ta sauke allon. Lambar wayata ma da ta rubuta da ƙananan haruffa a ƙasa, daga nesa ba ta karantuwa. Ni kuwa ina son allona yadda yake, na kasa gaya musu.

Mai Tukunya, Agadas

Mai Tukunya, barka da arziki, kin ba ni dariya.

Fara da Habsa, yau ba gobe ba. Ki kai mata kwanon abinci da kanki, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini na tsallaka hanya. Ta iya zaɓe: haruffan nan don babban suna aka yi su, kuma sun shigar da naki a ƙaramin wuri. Idan aka ƙanƙanta su ne siririn gefen ke ɓacewa, don haka lambar waya kaɗai za ta sake, da haruffa masu kauri bai ɗaya.

Malam Illiya mutuncinki yake karewa, kada ki yi masa dariya. Ki gayyace shi ya ci abincin rana a wurin, ya ji da kunnensa ko raha ce ko raini. In hankalinsa ya kwanta, ku bar allon. In bai kwanta ba, Habsa ta ɗora ƙugiyar da hannu, da jan launi; masu kamiyo ba za su fasa kiran sunan da suka saba ba. Amma ki faɗi abin da kike so a fili, gidan naki ne.

Allah ya ƙara kasuwa, ya bar zumunci. Ki sayi babbar tukunya.

Inna Tabawa