Safar Gora da Ƙafar Baba Isufu

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin gadin da nake wa aiki, a babban ofishinsa da ke Sokode.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya haƙuri da halin da gari yake ciki? Allah ya kawo mana ƙarshensa lafiya.

Ranka ya daɗe, zan fara da abin da idona ya gani. Safiyar wata Talata ce, ana tsakiyar damina, a ƙofar siton siminti da muke gadi a bakin babbar hanya. Na zo karɓar aiki, warin tayoyin da masu zanga-zanga suka ƙona jiya bai gama barin unguwa ba, sai na tarar da Baba Isufu zaune a kan bulo, takalminsa na dama a gefe. Yana son cire safa, safa ta ƙi. Ta manne da naman tsakanin yatsunsa. Yana ɗiga mata ruwan buta kaɗan-kaɗan, yana ja a hankali. Ana cikin haka kwanturola, jami'in kamfani da ke zagayen duba mu, ya iso a kan babur. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya ciro waya ya ɗauki hoton tsoho ba takalmi a bakin aiki, ya karɓe masa hula, ya ce ya tafi gida sai ofis ya neme shi.

Sunana Zakari, ɗan unguwar Didawure ne ni a nan cikin garinku. Baba Isufu shi ya koya mini gadi, kuma duk kamfanin nan ba wanda ya kai shi daɗewa. Yana da ciwon sukari, kowa ya sani. Na je ofis a kan maganarsa, aka ce ba ka nan. Na koma, aka ce ka fita. Zuwa na gaba sai aka ce an mai da ni aiki Dapaong, can arewa. Daga nan nake rubuto maka. Karatuna bai yi nisa ba, Faransancina na kasuwa ne, shi ya sa na rubuta da harshen da ni da kai muke gaisawa da shi a masallaci. Na kuma ce a karanta maka ita a fili, a gaban mutane, don saƙon da na bar maka a ofis a ɓoye bai iso gare ka ba. Labari ya zo mini cewa ƙarshen watan nan za ka yanke hukunci ko a mai da Baba ko a sallame shi. Tun da na ji, zama ya gagare ni. Ga abin da nake so ka sani kafin ka sa hannu.

Na ɗaya. Da can kowannenmu yana sayen safarsa ta auduga a kasuwa. Sai aka kawo mana sabuwa, baƙa wuluk, da alamar kamfani a bakinta, ƙafa biyu ga kowa, aka ce ita kaɗai za a sa. Aka ce da zaren gora aka saƙa ta. Muka yi ta dariya. Fuseni, abokin aikinmu, ya ce tunda gora ta zama safa, mu saurari ranar da za a ɗinka mana wando da karan dawa. To amma gaskiya ɗaya ce, da muka sa, bakin kowa ya mutu. Tana da laushi kamar ka taka ƙullun koko. Ba ta cizon idon sawu, ba ta da ɗinkin nan mai kauri da ke gurzar yatsu, kuma ba ta saurin wari. Baba ya fi kowa murna. Har addu'a ya yi maka a gabanmu. Ina faɗin wannan don kada wani ya ce maka na raina kyautarka.

Na biyu. Da na ga tsakanin yatsuna ya fara fari yana ƙaiƙayi, sai na ce bari in gwada da kaina. Kwanturola ƙafar hagu kaɗai yake sa mu ɗaga wa wando, kullum ita, ban san dalili ba. Sai na riƙa sa ta gora a hagu, ta auduga a dama, takalmi ɗaya, tsayuwa ɗaya, rana ɗaya. Ga abin da ƙafafuna suka gaya mini.

Ta auduga ba ta da kunya. Da zufa ta zubo za ka ji ta jiƙe, ta yi nauyi, in ta bushe a ƙafa ta ƙandare, kuma warinta ba ya jiran yamma. Amma tana jure wahala. Ka zuba mata tafasasshen ruwa, ka cuɗe ta da sabulu, ka murɗe ta iya ƙarfinka, ka kanga ta kusa da murhun mai koko, kafin ka gama karyawa ta yi dama-dama.

Ta gora kuwa mai ladabi ce, sai dai tana da zurfin ciki. Tana shan zufa ta riƙe, kai kuma kana jin laushi, kana zaton ƙafarka a bushe take. Sai ka cire ka matse, ka ga abin da ta tara. In ka wanke, ba ta son murɗa, dunduniyarta ke fara yagewa. In ka kai ta kusa da wuta, robarta ta saki. Abin da take so shi ne rana da iska da lokaci. Mu kuwa a watannin nan ba mu da ko ɗaya.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Da zanga-zanga ta yi zafi, jami'an tsaro masu sintiri suka fara sauke duk ƙyallen da suka gani a rataye a katanga, wai kada ya zama alamar masu zanga-zanga. Sai ofis ya aiko cewa kada a ƙara shanya komai a waje, ko hankici. Ban ga laifin wannan ba, tsoro ne ya kawo shi, mu ma muna jin tsoron. Amma ba wanda ya tambayi inda za mu shanya safa. Ɗakin gadi ka san shi: kwano a sama, taga kamar tafin hannu, ruwa yana sauka safe da yamma. Ka rataya ta gora a ƙusa yau, gobe ka same ta da danshinta. Ga hanya a rufe, mai canjinka bai iso ba, ka kwana ka wuni ka sake kwana a cikin takalmi. Ga salla. Mu Musulmi ne, za mu wanke ƙafa, kuma an ce kada a ga mai gadi ba takalmi, don haka ko tsanewa ƙafar ba ta yi ba za ka mai da ita cikin safa. Da Baba ya yi ƙorafi, kwanturola ya ce ya riƙa shafa a kan safa kawai. Baba ya ce malaman da suka karantar da shi ba su yarda da shafa a kan zare ba sai fata, kuma ba zai canza alwalarsa da furfura a kansa ba. Aka bar maganar a nan, kowa da nasa.

Na huɗu. Wannan ban sani ba sai da na je duba shi a gida. Ciwon sukari ya kashe masa jin tafin ƙafa. Ko ƙaya ya taka ba ya sani. Tun da daɗewa ma'aikaciyar asibiti ta ce ya riƙa sa farar safa. 'Yarsa Adiza ce ke wanke masa. Duk sanda za ta wanke sai ta juya ta, ta duba. In ta ga ɗigon jini ko ruwa-ruwa, ta san akwai rauni, ta sa shi gaba sai asibiti. Shekara da shekaru farar safar nan ce idonsa. Da aka ce baƙa kaɗai, sai idon ya rufe. Adiza ta ce mini, tana magana tana kallon ƙasa: «Yaya Zakari, kullum ina dubawa. Baƙi ba ya nuna komai.» Yarinyar nan har yau gani take laifinta ne. Ranar Talatar nan, a asibiti da almakashi aka yanke safar daga ƙafarsa. An ce yatsan da ya yi rauni zai iya tsira, in dai bai sake shiga danshi ba. In ya sake, sai yanka.

Na biyar. A nan Dapaong na ga wani abu da ya kamata in faɗa, ko da zai rage wa maganata ƙarfi. Ruwa ya ɗauke, iska busasshiya ce, kuma akwai fili a bayan gidan da muke gadi inda ba mai ganin shanya. Safar gora a nan sarauniya ce. Ka wanke da hantsi, kafin azahar ta bushe. Da rana ta take, ƙafar da ke cikinta ta fi ta auduga sanyi nesa ba kusa ba. Abokan aikina 'yan garuruwan Bombuwaka da Gando, waɗanda iyayensu ke noman auduga, su ma sun ce ba za su koma ba. An gaya mini a nan aka fara gwada ta kafin ka saya da yawa. In haka ne, wanda ya ba ka shawara bai yi ƙarya ba. Ya dai gwada a Dapaong, aka ɗora wa Sokode. Ya gwada a ƙafar saurayi, aka ɗora wa tsoho mai sukari.

Akwai kuma wata 'yar magana da ba zan sa mata lamba ba. Ranar wata Juma'a a Didawure sahu ɗaya muka tsaya da kwanturola. Ya zo daga zagaye, da kayan aiki a jikinsa. Da ya cire takalmi a ƙofa, farar auduga ce a ƙafarsa. Ban ce a hukunta shi ba. Shi ma ƙafa gare shi, ta kuma gaya masa abin da tamu ta gaya mana. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, na yarda, amma ban ji an ce ya dafa ƙafarsa ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A mai da wa Baba Isufu hularsa, a ba shi gadin rana a inda zai iya zama da buɗaɗɗen takalmi har ya warke. A bar shi, da duk mai irin ciwonsa, ya sa farar safa, ta gora ce ko ta auduga. A ɗaura mana igiya a cikin sito inda iska ke shiga, ido ba ya kaiwa. A ba mu izinin tsane ƙafa bayan alwala. Sannan wanda ya ga hoton nan, a nuna masa ƙafar ita ma. Ban roƙi a dawo da ni Sokode ba, ko da yake mahaifiyata tana can, ga waya wata rana ta shiga wata rana ta ƙi. Wannan na bar wa Allah da kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki mai albarka, ya tsare dukiyarka da wadda aka ba ka amana, ya sa ka gama da duniya lafiya.

In kana son ka tabbatar, ba ni kaɗai na gani ba. Akwai Inna Mariyama mai koko a tsallaken hanya, ita ta kawo ruwan ɗumin da ya ɗiga wa safar. Akwai Fuseni, shi ya ɗauki takalmin. Akwai Alasani mai babur, wanda ya goya Baba ya bi ta lungu har asibiti, ya ƙi karɓar komai. Dukansu na tambaye su, sun ce in rubuta sunansu. Akwai mutum na huɗu, yana ɗaukar albashi a hannunka, ya ga komai daga farko har ƙarshe. Ya ce yana da yara ƙanana, kuma ya ga inda aka kai ni. Na bar nasa. Nawa dai ga shi a ƙasa.

Wassalam.

Zakari mai gadi,
Dapaong.