Muryar da na ji a cikin kwas

Daren Laraba, Unguwar Dosa

Tun da aka ce mana a ofis duk wanda bai iya kwamfuta ba ya manta da ƙarin girma, nake neman kwas mai araha a intanet. Kowanne na buɗe, tsada ta kore ni. Yau Rabi, abokiyar aikina, ta turo min wani da ake koyarwa da Hausa. Na kunna bayan sallar azahar.

Ba a nuna fuskar malamin, sai allon kwamfuta kawai. Yana yin sallama na gane muryar. Muryar mijina ce, Baban Hanifa, har da gyaran muryar nan tasa kafin ya ce "to madalla". Mutumin da kullum yake fita da safe ya ce min ya tafi kamfani!

Da ya dawo da yamma na kunna masa darasin. Ya zauna a bakin gado ya cire hula.

"Maman Hanifa, tun kafin azumi aka sallame mu. A shagon abokina a Hayin Banki nake naɗar darussan. Da su muke ci."

"Shi ne ka kasa faɗa min?"

"Kullum sai in ce gobe."

Na zuba masa tuwo, ni na kasa cin nawa. Da ma Rabi ta ce min rabin ofis shi suke saurare, suna ta yabon bayaninsa. Gobe za ta tambaye ni yadda na ga malamin, kuma wallahi ban san me zan ce mata ba.