Gwiwar Manu

Laraba, 9 ga Nuwamba, 1955
Da hantsi na ga abin da ban nema ba. Muna lodin gyaɗa a bakin iyaka, sai ga Manu, gwanin kokawar ƙasar Faranshi, bisa jaki. Manu ba ya hawan jaki. Da ya zo sauka, ƙafar dama ya fara ajiyewa, ta hagu ta biyo a hankali kamar mai gudun ƙaya. Wando ya ɗage, na hango tsumma ɗaure a gwiwa. Ya gan ni, ya yi maza ya rufe, ya ce, "Arzika, ran Lahadi ka taho da tabarma, ƙasar Jibiya da tauri."
Kaka uku ke nan yana kayar da ni. Uku.

Alhamis, 10 ga Nuwamba
Na gaya wa Kawu Abu, shi da ya koya mini kamu. Ya ce Allah ne ya ba ni. "Bar kafaɗa, bar ƙugu. Hagu, ɗana, hagu kaɗai."

Asabar, 12 ga Nuwamba
Har yau kirarin da Lawwali makaɗi ke mini guntu ne: "Na Magama mai haƙuri." Wannan ai kirarin jaki ne. Ya ce ranar da bayan Manu ya taɓa ƙasa zai ƙarasa shi.

Lahadi, 13 ga Nuwamba
Bayan la'asar, kasuwa ta watse, aka yi fage. Mutanen garin Kusa, na Gangara, har da jandarmomin Faranshi biyu da suka ƙetaro kallo. Muka duƙa, muka shafa ƙasa a hannu. Manu ya miƙo hannun dama yana ɓoye ƙafar hagu a baya. Na yi kamar zan kama wuya, na nutse, na ɗauke ƙafar. Ko numfashi biyar ba mu yi ba. Na ji gwiwar ta yi ƙara a jikin kunnena kafin ya faɗi.
An ɗaga ni sama. Lawwali ya ƙarasa kirarin, dogo ne, ban riƙe ko rabi ba. An ba ni riga da goro. Manu ya tashi da kansa, bai yarda a kama shi ba.

Litinin, 14 ga Nuwamba
Tuwo ba daɗi. Wataƙila gishiri.

Alhamis, 17 ga Nuwamba
Kokawarmu ta bara da Manu na ke ta tunawa. Mun daɗe a sarƙe, goshi da goshi, har na daina jin ganga, sai numfashinsa da nawa. In na tura ya san zan tura, in ya saki na san tarko ne. Ranar ni na faɗi, amma dariya na tashi da ita, kwana uku ina jin jikina kamar sabo. Shi kuma ya raɗa mini, "Kai kaɗai ka sa ni gumi." Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Lahadi, 20 ga Nuwamba
Gangara. Na kayar da biyu. Tun kafin mu kama suka ba da kai, suna jin sunana. Kamar ɗaga buhu, sai dai buhu ya fi su gardama. Kawu na ta murna.

Alhamis, 1 ga Disamba
Masu jakuna sun ce Manu bai taka ba tun ranar. Wai ya ce ya bar fage.

Laraba, 7 ga Disamba
Tsohon maɗorin Kusa bai san hanyar garinsu Manu ba, na raka shi. Rakiya ce kawai, dama ba lodi yau. Ya murza gwiwar, ya ce da sauranta, in ya huta har damina ta wuce.
Manu yana kwance a zaure, ya dube ni sama da ƙasa. "Sarkin fage, mi ya kawo ka? Ɗayar ka zo ɗauka?"
Na ce kokawar ran nan ba a ƙirga ta ba. Uku da babu, nan muke.
Ya ce, "To ci tuwo da yawa, baɗi ba ni jin tausai."
Kawu bai sani ba tukuna, kuma zai yi faɗa. Amma magana ta fita, ba ta komawa. Maɗori ya ji, Fatsuma uwar Manu ta ji, da wani jandarma da ya shigo shan ruwa.