Wankan Hanifa a Brest

Juma'a, 8 ga Yuli

Yau aka yi suna a Brest, can Faransa, ni ina Magarya ina leƙe ta waya kamar maƙwabci. An sa wa yarinya Rukayya. 'Yata Hanifa ta kyauta, ta tuna uwarta. Na yanka rago a nan, duk unguwa ta ci.

Yaya Barakatu ta ce an fara wankan jego tun ranar da suka dawo daga asibiti. Tafasasshen ruwa safe da yamma da ganyen bedi, wato darbejiya, sai kunun kanwa. Don wannan na yi ta zarya Yamai har aka ba ta biza, na cika mata jaka da kanwa da yaji da busasshen ganye. Garin da Hanifa ta ce kullum yayyafi, kullum iskar teku, ko wata ba ya ƙarewa ba a sa rigar sanyi ba. Mai jego a irin wannan gari ba wanka? Ba dai 'yata ba.

Litinin, 11 ga Yuli

Mas'udu ya kira, surukin nawa injiniya. Da gaisuwa ta yi tsawo na san da magana. Wai rediyo ta ce zafi na tafe, ko za a sassauta ruwan.

"Baba, an ce zai wuce digiri talatin fa."

Talatin! Na yi dariya har na ƙware. Ni da nake taka ƙasa daga Waca zuwa kasuwar Sassumbrum cikin bazara, kayan gyaɗa a ka, tun ban mallaki ko jaki ba, ni za a ba labarin zafi? Ajina huɗu a kwaleji, amma rana na san ta fiye da rediyonsu.

Na ce masa jego ba harkar maza ba ce. Ya yi shiru, irin shirun da ke cewa ai kai ma namiji ne. Na kashe wayata.

Laraba, 13 ga Yuli

Ruwa ya ɗauke, gero ya fara nannaɗewa a gonar Dogo-Dogo, kuran, wutar lantarki, babu tun safe. Wannan shi ne zafi.

Alhamis, 14 ga Yuli

Hanifa da kanta ta kira. Murya ƙasa-ƙasa. Wai lokotoro, likitar can, ta auna ta, ta ce jininta ya hau, ta bar kanwa, ta bar ruwan zafi, ta buɗe taga.

Haka wani mai farar riga ya gaya wa uwarta a Damagaram, bayan haihuwarta ita Hanifa. Rukayya ta ji maganarsa, ta bar wanka. Ƙafa ta kumbura, sai tari, sai numfashi. Kafin yarinya ta iya zama an rufe uwar. Tsofaffi duka bakinsu ɗaya, sanyi ne ya shige ta. A garinmu ke nan fa, inda ƙwai zai dahu cikin rairayi. To ina ga bakin teku?

Ni na goya ta, ni na kai ta lakwal, makarantar boko, a bayan keke. Yanzu wata da ba ta san sunan kakanta ba ita ce za ta faɗa mini abin da jikinta ke so.

Na ce, "In kika bar wankan nan kafin arba'in, ban yafe ba."

Ta ce, "To, Baba."

Ban taɓa gaya mata wannan kalma ba. Ita ta jawo.

Asabar, 16 ga Yuli

Yanzu kuma Yaya ce ta fara. Wai gidan a hawa na ƙarshe yake, rufi a bisa kansu, ba tsakar gida, ba inuwa, ba randa. Wai rana ba ta san faɗuwa ba, ana isha'i bango na turiri. Ga tukwane kan murhu safe da yamma. Taga a rufe don kada iska ta bugi jaririya, yadda muka yi da ita.

"Manzo, gidan nan tanda ne. Ko a Dungas ban ji irin wannan ba."

Na ce, "Yaya, tsufa ne."

"Tsufan gidanku. Kana ƙarƙashin bedi kana ba da oda, zo ka ɗora tukunyar mana."

Mas'udu ya zaga kantuna neman fanka, wai duk an saye. Gari guda ba fanka! Sun iya ƙera jirgin ruwa, ba su iya barin fili a tsakiyar gida ba. Kuma mu ake cewa muna baya.

Na ce a ci gaba.

Litinin, 18 ga Yuli

Bayan la'asar Yaya ta kira tana kuka, da ƙyar na gane abin da take faɗi.

Hanifa ta faɗi a banɗaki tsakiyar wanka. Jaririya tun safe ta ƙi kama nono, maɗiga ta faɗa, ba ta jiƙa zane ba. Motar asibiti ta kwashe su duka biyu. Digiri ya kusa arba'in, tsofaffin garin sun ce ba su taɓa gani ba.

Na ce ke da me kike yi, kina kallo?

"Ni na ce a bari yau, Manzo. Na sauke tukunya da hannuna. Ita ta mayar. Ta ce Baba bai yafe ba."

Na kira Mas'udu har wayata ta yi zafi. Bai ɗauka ba. Mutumin da na ba 'ya ban ƙi komai ba. Me ya kai shi kama ɗaki a ƙarƙashin rufi? Wane irin injiniya ne bai san zafi sama yake hawa ba? Da yana Damagaram yana aikinsa da duk wannan bai faru ba.

Na fita, na dawo, na sake fita. Ban san ko na yi magariba daidai ba.

Talata, 19 ga Yuli

Mas'udu ya ɗauka. An yi musu ƙarin ruwa, yarinya ta kama nono, Hanifa ta farfaɗo amma an riƙe ta saboda jinin.

"Suna nan da rai, Alhaji."

Alhaji. Jiya-jiya Baba ne.

Laraba, 20 ga Yuli

Hanifa ta kira ta bidiyo daga gadon asibiti. Leɓe a tsage, ido ya zurma, allura a hannu. Ta juya mini amaryata in gani, tana barci, ba bargo ba hula, iska na kaɗa labule a kanta. Na so in ce a rufe taga, na fasa.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, an samu tsaiko. In an sallame ni zan rama kwanakin."

Mas'udu na tsaye bayanta, bai dube ni ba.

Na ce, "Wace ramuwa? Arba'in ta cika."

Yaya ta leƙo. "Manzo, ko sati uku fa ba a yi ba."

Na ce, "Ni na ce ta cika. Ni na ɗora, ni na sauke. Ba abin da ke tsakanina da ita sai albarka."

Hanifa ta rufe fuska da mayafi. Na ce rezon waya ba kyau, na kashe.

Asabar, 23 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi, gero ya miƙe. Su ma sun koma gida. Har yanzu ina kan bakana, ginin garin nan ginin banza ne, kuma Mas'udu sai ya nemi ɗakin ƙasa.

Yaya ta ce yayyafi ya dawo, iskar teku har cikin ƙashi. Ta rage murya don kada su ji. "Ganye na nan da saura. In ɗora tukunya?"

Fuskar Rukayya nake gani, ban san ko wacce ba.

Na ce ta sa mata safa. Ta kuma tambayi lokotoron nan abin da za ta riƙa sha, ba don na yarda da ita ba.