Ba a Wuce Suruki a Kan Keke

Lahadi, 22 ga Oktoba, 2023

Na ba da sunana. Obiefuna mai kayan keke a kasuwar Jimeta, shi ya shirya tseren keken, sau biyu yana tambayata: "Oga Haladu, kai ɗaya? Awa takwas ne fa, ba wasa." Na ce ni kaɗai. Sauran uku-uku suke, wannan ya zagayo ya huta, wancan ya karɓa. Mu huɗu ne masu taurin kan da ba mu da mai canji. Tun da aka hana acaɓa a garin nan nake taka keke daga Nassarawo zuwa sakatariya. Shekarata arba'in da uku, in ban gwada bana ba sai yaushe?

Laraba, 25 ga Oktoba

An turo taswirar hanya. Kilomita goma sha biyu: a hau duwatsun bayan Yolde Pate, a gangaro ta rafi, a dawo, a sake. Wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci.

Sai da na duba da kyau na lura. Hanyar ta ƙofar gidan Bappa ta bi, mahaifin matata Naziha, daidai gindin darbejiyar da yake shimfiɗa tabarma. Shekara bakwai da aurenmu ban taɓa wuce shi a kan keke ba. Tun daga nesa nake sauka, in turo, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Gaisuwar Bappa kuwa ba ta gaggawa ba ce, sai ya bi jam, jam, jam, wato lafiya, lafiya, har kan kajin gidana.

Litinin, 30 ga Oktoba

Na gwada wandon tseren a ɗaki. Naziha ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haka za ka bi ta gaban Bappa?" Zan ɗora dogon wando a kai, zafi ya kashe ni.

Ba wandon ne ya fi damuna ba. Baƙin keken da ke rataye a zauren Bappa ne. A kansa ya fito daga Mubi shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin aka gudu, Dada mahaifiyar Naziha a kariyar baya da ƙafarta mai ciwo, kwana uku. Bai taɓa ba ni labarin ba, a bakin Naziha na ji. Ni kuma zan zo da hular kwano da gorar ruwa ina wasa da abin da ya yi don tsira da rai.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Na so in je wajen Bappa in nemi uzuri tun kafin ranar. Na kasa. Me zan ce?

Asabar, 4 ga Nuwamba

Zan rubuta yadda aka yi, tunda ba mai karantawa.

Zagaye na farko na sauka, na cire hula, na durƙusa. Bappa ya amsa a tsanake, ya tambayi Naziha, ya tambayi aiki. Ina jin kekuna suna wucewa ta bayana fuu, fuu. Na biyu ma na sauka, amma na gutsure gaisuwar, ƙafata ɗaya tana kan feda.

Na uku ne. Na kamo Manasseh, malamin makarantar nan da ke gaba a cikinmu 'yan kaɗaici, tayata ta kusa taɓa tasa. Gangara ce, ga yashi. Na hango farar rigar Bappa, zuciyata ta ce sauka, ƙafafuna suka ƙi. Na wuce. Wai don kada a ce ban gaishe shi ba na ɗaga hannu, kuma hagu na ɗaga, dama tana kan birki. Hagu! Ga surukina, a ƙofar gidansa, mutanen unguwa suna kallo.

Da na zagayo na huɗu, wajen sha biyun rana, ba tabarma, ba Bappa. Na biyar ma haka, ƙofar zaure a rufe. Daga nan ƙarfina ya tafi. Ba gajiya ba ce, ƙafafuna suna da sauran zagaye uku a cikinsu, na sani. Na kasa sake bi ta gindin bishiyar nan ne kawai.

A kan duwatsu na tsaya na yi Azahar, sannan na zauna na ɓalle sarƙar kekena da hannuna. Na turo keken ta wata hanyar. Na ce wa Obiefuna sarƙar ce ta tsinke. Ya dafa ni: "Sorry o, Oga. Kana na biyu fa!" Manasseh ya yi takwas.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Ban fita ba. Na ce cinyoyina ne.

Talata, 7 ga Nuwamba

A ofis ana ta yi mini jaje. Kowane "Allah ya kiyaye gaba" kamar mari.

Naziha ta je Yolde Pate ta dawo. Ina jira ta ce Bappa ya yi fushi, sai ta ce ƙafafunsa sun kumbura, Dada tana gasa masa. Na ce me ya same shi? Ta dube ni kamar ban da hankali. Wai tun da na wuce a na uku ya naɗe tabarma ya shiga, ya tsaya a bayan zana yana leƙe ta wata 'yar kafa. Sallah kaɗai ta ɗaga shi daga wurin. Har La'asar yana tsaye, yana jira in sake wucewa.

Na shiga banɗaki na daɗe.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Na je wajen Bappa bayan an sauko daga masallaci. Na sauka tun daga bakin rafi. Na fara ba da haƙuri kan hannun hagu, ya katse ni da tambayar kaji.

Can ya ce, yana kallon ƙasa yadda ya saba, "Malam Haladu, na ga ina tsayar da kai, shi ya sa na kauce. Wanda ba ka gani ba ai ba ka gaishe shi." Sannan ya ƙara: "Ni daga Mubi har Song ban sauka wa kowa ba. Na wuce kawuna a bakin hanya yana ɗaga mini hannu." Bai faɗi abin da ya sami kawun ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya zaro ƙwallayen dabino biyar daga aljihu ya zuba a tabarma. Da su ya ƙirga zagayena. Ya ce ya tanadi goma.

Da zan tafi ya ce in kawo masa sarƙar, ya iya gyara.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Na yi tunanin in buga ta da dutse kafin in kai, ta yi kama da tsinkakkiya. Har na ɗauko dutsen.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Na kai ta yadda take. Ya juya ta, ya kai kusa da ido, ya shafa wurin da na ɓalle. Minti biyu ya mayar. Ya miƙo mini ya ce, "Sarƙar nan lafiyarta ƙalau." Na ce, "E, Bappa." Iyakar abin da muka ce ke nan.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na fita motsa jini da safe, ba wani shiri ba. Keken ne ya bi ta Yolde Pate. Obiefuna ya ce akwai wani tseren bayan ƙaramar Sallah, ban ce masa komai ba tukuna.

Bappa yana kan tabarma. Na fara jan birki, sai ya kaɗa hannu alamar in wuce, ɗaya hannun yana lalube a aljihu. Na wuce. Dama na ɗaga.

Sai da na sha kwana, inda ba ya ganina, na sauka na ɗan tsaya. Wani abu ne ya faɗa mini a ido. Sannan na hau, na zagayo na biyu.