Garba Musa Huɗu, Buhun Taki Ɗaya

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan mahaifina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a can Ikko kamar yadda muke a nan, sai abin da ba a rasa ba. Malam Iliya, tsohon hedimasta, shi ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na ce kada ya gyara min ko kalma ɗaya, kuma ya sa wasiƙar inda jama'a ke karantawa a waya, tunda wata bakwai ke nan ina kira ba ka ɗauka. Mai dariya ya yi.

Ka tuna ranar da ka dawo daga Dutse da jakarka, ka ce ka ajiye aiki. Ka ce ƙungiyar manoman yankinmu ta ba kamfaninku aikin manhajar rabon taki, maigidanka kuma ya ce a bar wa injin nan da kuke kira ƙirƙirarriyar basira ya rubuta ta cikin kwana uku, ku miƙa ko ba ku karanta ba. Kai kuwa ka ce ba za ka sa hannu a kan abin da idonka bai bi layi-layi ba. Ka ce injin bakin dillalin shanu gare shi: in bai san abu ba, ba ya cewa bai sani ba, sai ya ƙaga ya miƙo maka da fara'a.

Na ce girman kai ne. Na ce bijimaina biyu suka tafi kafin ka ga ƙofar jami'a, ba don ka dawo ka zauna min a zaure ba. Ka tuna min da maganata, wadda nake faɗa maka kana yaro muna shuka, cewa irin da ba ka tauna ba kada ka zuba shi a rami. Na ce kada ka kuskura ka yi min wa'azi da bakina. Na ce ka fita, kada ka dawo sai ka ba maigidanka haƙuri. Ka fita.

To, ga abin da ya faru ranar Talata a Kafin Hausa, da muka je karɓar taki.

Ka san mu huɗu ne Garba Musa a garinmu: ni, da na Bakin Rijiya, da Garba Mahauci, da Garba Dogo da muka binne da azumi. Babu wanda aka rubuta ranar haihuwarsa a cikinmu. Lokacin da aka yi mana katin shaida, ma'aikacin ya dubi furfurarmu ya ba mu ɗaya ga Janairu, shekara guda, dukkanmu. Kowane ɗan garin nan ya san haka, har akuya.

Injin bai sani ba. Ya ga suna ɗaya, rana ɗaya, gari ɗaya, ya yanke hukuncin cewa mutum guda ne ke son cin buhu huɗu. Ya share uku ya bar ɗaya. Ka san wanda ya bari? Garba Dogo. Mu uku masu rai muna tsaye a rana tun hantsi, buhu yana jiran mamaci.

Ma'aikacin rabon takin ya juyo min da kwamfuta, wai in gani da idona, ni da ban san baƙi ba. Ya ce wai ni maimaici ne. Shekarun da na yi ina noma gonar nan, da tsagen da ke fuskata, da jikokina, duk maimaici. Ko ɓarawo aka kira ni da ya fi min sauƙi, don ɓarawo dai mutum ne.

Da muka tada hayaniya, ya buga wa kamfaninku. Suka tambayi injin, aka karanta mana amsarsa. Wai ya ba da haƙuri, muna da gaskiya, ya gyara yanzu. Da aka duba, ya share Garba Dogo shi ma. Abin da ya fi tada min zuciya ke nan, Abba, haƙurin nan nasa. Haƙurin da babu kunya a bayansa, kamar miyar da ta kwana ba a ɗumama ba. Kuma a duk kamfanin babu wanda ya san inda ɓarnar take, don babu wanda ya karanta. Tir da aikin da mai shi bai san cikinsa ba.

Gero ya fito, ganyensa ya fara rawaya. In aka ƙara mako biyu babu taki, bana sai dai kara.

Kada ka ɗauka na ce ka yi daidai a komai. Ɗa ba ya ƙin ɗaukar wayar ubansa, ko uban ya zage shi a kasuwa. Wannan yana nan, za mu yi shi in ka zo. Kuma ba don taki nake kiranka ba, akwai na tumaki a bayan gida, zan kwasa da jaki in ya kama. Amma na Bakin Rijiya ba shi da ko tunkiya, kuma jiya a masallaci ya tambaye ni ina yaron nan naka da ya ƙi sa hannu. Na sunkuyar da kai ina neman takalmina, alhali yana ƙafata.

Mahaifiyarka tana share ɗakinka duk Juma'a. Tana tsammanin ban sani ba. Ni ne nake barin mata makullin a kan taga.

Maganar iri da ka tuna min, tawa ce, kuma gaskiya ce. Ni na zubar da ita, kai ka tsince ta. Iyakar abin da bakina zai iya ke nan, Malam Iliya ma ya ɗago kai yana kallona.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sa albarka a idon nan naka mai bin layi, Ya raba ka da sa hannu a kan abin da ba ka sani ba. Allah Ya kawo ka kafin gero ya yi kai.

Ni ne mahaifinka,
Garba Musa, wanda yake da rai, mai gona a bayan makabarta.