Zakaran da Ayuba Ya Yanka

Zuwa ga aminiyata Bilkisu, Maman Sadiya,

Gaisuwa mai yawa daga Romi, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Yaya ƙafar? Yaya idon, an samu gilashin kuwa? Ni ce Saratu, Maman Ayuba. Na san ba tarbiyyarmu ba ce a baza zancen gida a gaban jama'a, amma lambarki ta ƙi shiga tun ranar da kika bar gidana, ni kuma ban san ƙofar da zan je in buga ba. Shi ya sa na ajiye ta inda kowa zai karanta, ko Allah zai sa wani da ya san ki ya kai miki.

Na kasa zama wuri ɗaya, Bilki. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in na hau keken ɗinki sai in tsinci kaina ina taka shi ba zare. Shekaranjiya na buɗe wa kaji akurki, na koma ɗaki, na sake fitowa wai zan buɗe musu. Baban Ayuba ya ce in bar tayar da hankalina, ƙila wayarki ce ta faɗa ruwa, ko an zare miki ita a keke. Shi ai haka yake, ko rufin gida ne ya tashi zai ce a bari a ga gobe.

Kin tuna gidan hayarmu na Unguwar Mu'azu? Ƙofa na kallon ƙofa, muna amare, ba mu iya komai ba sai dariya da ƙona tukunya. Ke kika fara kawo kaza gidan, ni kuma na ga ba za ki fi ni ba, na sa aka aiko min da tawa daga ƙauye. Kafin a ce me sun cakuɗe, ba mai gane nasa. Sai muka koma ɗaura musu ƙyalle a fiffike, naki ja, nawa shuɗi. Duk da haka kazarki mai taurin kan nan ba ta yarda ta yi ƙwai ko'ina ba sai ƙarƙashin gadona, kina zuwa kina ce min ɓarauniyar ƙwai.

A wurinki na koyi jiƙa ɓawon maɗaci a ruwan shansu in ciwo ya shigo unguwa, da barbaɗa toka a akurki saboda ƙuma. A wurinki na koyi cewa 'yan tsaki ba a sakinsu da sassafe cikin raɓa. Girki kuwa, ni na zo da hannun barkono, ke kika zo da haƙuri. Kullum ina tsaye kan murhu sai in ji muryarki daga ƙofa: "Saratu, rage wutar nan, kazar gida ba a yi mata gaggawa." Har yau in na ɗora farfesu sai na janye itace ɗaya, ko ba kowa a kusa.

Sai maganar yanka, wadda ita ta kawo mu inda muke. Duk safiyar Kirsimeti mijinki Malam Idi, Allah ya ji ƙansa, yakan tsuguna a bakin rariya da wuƙarsa, mu kuma matan coci mu jeru kowa da kazarta a hannu. Ba wanda ya kafa mana doka. Mun dai san kwanon shinkafa zai shiga kowane ɗaki a gidan, kuma ba ma son a karɓa a yi godiya, a juya baya a zubar. In ya gama yakan ce, "To, Maman Ayuba, ladana ƙundu ne, kada a manta." Da Sallah kuma naman ragonku har sai mun rasa inda za mu shanya.

Da gari ya rikice aka shiga rabuwa, kowa na neman inda nasa suka fi yawa, mu muka tsallako kogi. Ana loda kayanmu a mota kika zo da kwando, kika tura min shi kan cinya. Kazarki ce mai ƙwai a ƙarƙashin gado. Duk kajin da ke yawo a bayan gidana yau jikokinta ne, kuma duk sun gado taurin kanta.

A Romi babu Malam Idi. Shekarun farko nakan ɗauki kaza har kasuwa a yanka min, don hannuna ya saba. Daga baya Baban Ayuba ya ce, wai wa za mu kai wa? Na duba hagu da dama, gaskiyarsa ce, duk layinmu coci ɗaya ko biyu muke zuwa. Sai ya riƙa yankawa da kansa, da Ayuba ya zama saurayi ya karɓi wuƙar. Ba wanda ya zaunar da yaron ya ce masa dā ba haka ake yi ba, don zancen bai taɓa tasowa ba.

Sai ga ki a layin asibitin ido, bayan shekarun da na daina ƙirgawa. Ta tari na gane ki, wallahi, tarin nan naki na ƙarya in kina son a matsa miki a benci. Muka rungume juna muna kuka, ma'aikaciyar na ta kiran sunana ban ji ba. A nan kika gaya min Malam ya rasu, kin bar tsohon gida kin koma wurin Sadiya da mijinta. Ni da shirme, na karɓi lambar waya ban tambayi layin gidan ba. Kika ce za ki zo Romi ranar Asabar da ƙafarki. Na ce ba za ki iya ba. Kika ce in dafa kaza in gani.

Jan zakarana na ware miki, wanda ya fi kowa ƙwanji a gidan. Na kulle shi shi kaɗai ina ba shi tsakin masara, yana ta zagina da cara. Shirina shi ne ranar Asabar in fara kai niƙan tattasai, in dawo in ɗauke shi zuwa kasuwa wurin masu yanka, musulmi ya sa masa wuƙa kamar yadda muka saba. Ban gaya wa kowa ba. Me zan gaya? A kaina abin a bayyane yake.

Na dawo daga niƙa da bokiti a kai, sai na ga jan gashi a warwatse a tsakar gida. Ayuba ne, ranar bai je garejinsu na Kakuri ba. Ya yanka, ya zuba ruwan zafi, ya fige tas, har ya babbake, yana tsaye yana washe baki. "Mama, na rage miki aiki." Wayyo ni Saratu! Ban gama sauke bokitin ba wayata ta yi ƙara, ke ce, wai kin sauka a mahaɗa, kin yi sammako don ki koma da rana.

Sauran kin sani, amma ba ki san abin da ke cikina ba. Kika shigo da sallama, kika ja kujera har bakin murhu, kika hau ba ni umarni kamar jiya muka rabu. A ƙara citta. A daka masoro da kanumfari. Daddawar nan ta yi kaɗan. Kada a soya, a bar shi ya dahu a ruwan jikinsa tukuna. Ƙamshi ya cika gidan, kina ba ni labarin jikoki, ni kuma ina buɗe baki ina rufewa. Wata zuciyar ta ce min, yi shiru mana, wa zai sani? Kuma ba ki tambaya ba, Bilki. Ko sau ɗaya ba ki ce wa ya yanka ba, don a gidana kike.

Kika wanke hannu, kika yi bisimilla, kika miƙa hannu kan cinyar. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunki ba.

Da na faɗa miki Ayuba ne ya yanka, sai kika yi dariya kika ce, "To ai sai ki kawo mai da yaji, dā can ma da shi muka girma." Kika ja farar shinkafa gabanki kina ci, kina ce min ba komai. Ga tukunya guda ta zakara tana tururi a tsakaninmu, ba mai kallonta. Na so in fasa miki ƙwai, kika ce in zauna, hira kika zo yi.

Da a nan abin ya tsaya da na daure. Amma Ayuba yana bakin ƙofa, ya ji komai. Ya juya wurin ubansa, da muryar nan tasa ta gareji wadda ba ta san ƙasa-ƙasa ba, ya ce, "Wato hannunmu ne ke da datti, ko?" Na ga lomar ta tsaya miki a hannu. Kika ɗaga kai kika dube shi, kika ce, "Ayuba ne wannan? Ya girma." Ba ki ƙara loma ba. Tun kafin la'asar kika ce ƙafa ta fara, gara ki kama hanya. Na ɗaure miki ƙwai a leda, da na dawo daga rakiya na tarar da su a kan benci.

To wannan ƙwan ne ya hana ni sakat. Mantawa kika yi, ko bari kika yi? In na ce mantuwa ce, sai in tuna ke ba kya manta ko allura. In na ce fushi ne, sai in tuna yadda kika riƙe hannuna a bakin titi kafin ki hau keke. Na kira, na sake kira, matar nan ta cikin waya tana ta gaya min a kashe take, har na fara jin haushinta kamar ita ta ɓoye ki. Naman kuwa ko ɗanɗana shi ban yi ba. Baban Ayuba ne ya ji da shi, shi baƙin ciki bai taɓa shiga tsakaninsa da cinyar kaza ba.

Na sauke wa Ayuba kwandon faɗa a ranar, har maƙwabta suka leƙo. Yana ta cewa, "Ni me na yi? Taimako fa na yi." Da na huce na gane da gaske yake tambaya. Yana rarrafe muka bar Unguwar Mu'azu. Abin da ya sani game da ƙetaren gada, a bakin mutane ya ji shi, kuma kin san irin abin da mutane ke faɗa, a nan da can duka. Ban kare shi ba, maganar da ya yi ba ta da daɗi, kuma a gaban babba. Amma ban haifi mugu ba, Bilki.

Sai na zaunar da shi na gaya masa ko ke wace ce. Na ce lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni bayan haihuwarsa, a bayanki ya yi kwanakin, Sadiya a gaba shi a baya, kina tuƙa tuwon gida biyu. Na ce da ƙyanda ta kama shi, ke kika ruga da shi asibiti ba takalmi, ubansa na wurin aiki. Na ba shi labarin Malam Idi da layin matan coci a bakin rariya. Ya tashi ya ɗauki makullinsa ya fita, na ce shi ke nan, na yi wa bango magana.

Asabar ɗin da ta wuce na fito ba kaji dusa, na ga farin zakarana, ƙanen jan da aka yanka, ba ya nan. Na ɗauka muzuru ne, har na fara kururuwa. Baban Ayuba ya ce in yi shiru, Ayuba ne ya ɗaure masa ƙafa, ya sa shi a buhu ya huda wa kan zakaran ƙofa, ya ce ya tafi Unguwar Mu'azu. Yaron da bai taɓa taka unguwar da ƙafarsa ba! Ranar ban ɗora tukunya ba. Ina bakin ƙofa, in shiga in fito, duk keken da ya tsaya sai in leƙa.

Da yamma ya dawo, zakara na nan a buhu da ransa, ya galabaita da rana. Ya ce ya gano gidan, an mayar da gabansa shaguna. Ya yi ta tambaya ana kallonsa, har wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ƙura masa ido ta ce, "Kai ba ɗan Saratu mai ɗinki ba ne?" Ta ba shi ruwa, ta ba zakaran ma. Ta ce kin koma wurin Sadiya, amma layin ne ba ta sani ba, sai dai ta kwatanta masa wajen da take zato. Yana ba ni labari yana kallon ƙasa. Ya ce wannan Asabar ɗin zai koma.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Uwa ce ni, kuma na ga abin da na gani a garin nan. Amma ba zan hana shi ba, in na hana shi na san ba zai sake tashi ba har abada.

Don haka, ƙawata, 'yar'uwata, in kika ji an ce ga wani dogon saurayi a layinku, baƙin mai a faratansa, riƙe da buhu kan zakara a waje, yana tambayar Maman Sadiya, don Allah kada ki bar shi a tsaye a rana. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, ubansa ya biyo. Ki karɓa, ki sa mijin Sadiya ya yanka, ki dafa yadda kike dafawa, ki zaunar da shi ya ci a gabanki. In faɗa za ki yi masa, ki yi son ranki, har kunne ki ja. Ba sai kin nemi izinina ba, ke ma kin goya shi.

Allah ya ji ƙan Malam Idi, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa da ta ido, ya raya miki zuriya. Allah ya tsare min yaron nan a hanya, ya kai shi ƙofarki, ya sa kina gida.

Taki, mai jira a bakin ƙofa,
Saratu, Maman Ayuba
Romi, Kaduna